Zakaran Ƙanƙara, Ministan Lardi: Yadda Muke Tantance Tarihin Rayayyu

A shekarun farko na Wikipedia, wadda aka buɗe ranar 15 ga Janairun 2001, yawa ake nema. Kowa ya zo ya zuba abin da ya sani, ba kasafai ake tambayarsa inda ya samo ba. Abin da ya farkar da masu aikin sa-kai ya faru ne a 2005. A watan Mayu wani ya rubuta cewa an taɓa zargin John Seigenthaler, dattijon ɗan jarida a Amurka, da hannu a kisan John Kennedy da ƙaninsa Robert. Ƙarya ce tsagwaronta, mutumin ma tsohon mataimakin Robert Kennedy ne, amma ta kwashe wajen wata huɗu ba wanda ya goge ta. Da ya kai kukansa jaridar USA Today a watan Nuwamba, sai aka hana marasa rajista buɗe sabuwar muƙala a sashen Ingilishi, aka kuma kafa dokar tarihin rayayyu: duk zancen da zai iya taɓa mutuncin mutum mai rai, in ba madogara, a cire shi nan take, ba sai an yi shawara ba.

'Yan siyasa kuma suka zo da nasu darasin. A farkon 2006 aka gano ma'aikatan ɗan majalisar Amurka Marty Meehan sun share alkawarin da ya taɓa yi na taƙaita wa'adinsa. A 2007 Virgil Griffith ya fito da manhajar WikiScanner, wadda ta tona ofisoshi da kamfanonin da ke wanke kansu a ɓoye. Daga nan muka gane cewa ɓarna iri biyu ce: ta maƙiyi mai shafa kashin kaji, da ta masoyi mai share laifi. A 2010 aka ƙara ɗaure igiyar, aka ce sabon tarihin rayayye da ba shi da madogara ko ɗaya, gogewa za a yi.

Sai dai ni a ganina, ba a shafin shugaban ƙasa ake gane amfanin waɗannan dokoki ba, domin can idanu sun yi yawa. Ana gane shi ne a shafin mutum irin Rick Folk, wanda masu leƙa shi kaɗan ne.

Folk ɗan Kanada ne, haifaffen Saskatoon a 1950, gwanin wasan kalin. Wasa ne da ya samo asali daga Sikotilan: mutum huɗu a kowane ɓangare, ana tura dutse mai nauyin kusan kilo 20 a kan ƙanƙara zuwa tsakiyar wata da'ira, biyu na gaba suna goge hanya da tsintsiya, jagora yana ba da umarni. A 1980 Folk ya jagoranci lardin Saskatchewan ya ci Brier, gasar maza ta ƙasa, a Calgary, ya wuce Moncton ya ɗauki kofin duniya. A 1982 aka zaɓe shi ɗan majalisar lardi daga mazaɓar Saskatoon University, ya riƙe ministan al'adu da nishaɗi a gwamnatin Grant Devine, ya rasa kujerarsa a 1986. Ya koma Kelowna ta lardin British Columbia da zama, a 1994 ya sake cin Brier a Red Deer, ya sake zama zakaran duniya a Oberstdorf ta Jamus.

Tarihin nan gajere ne, amma cike yake da tarko. Masu sha'awar wasa sun san ƙanƙara, ba su san majalisa ba. Masu bin siyasa kuma akasin haka. Mai gaggawa zai ga kofi biyu ya danganta su duka ga Saskatchewan, alhali na 1994 da sunan British Columbia aka ci shi, kuma wannan ba ƙaramin kuskure ba ne ga lardin da ya shafe sama da shekara 40 yana jiran Brier tun bayan na 1980. Wani zai kira gasar Macdonald Brier don shi ne sunan da ya saba ji, alhali a 1980 ne kamfanin Labatt ya karɓi ɗaukar nauyinta. Wani kuma zai mai da shi ɗan majalisar tarayya a Ottawa, alhali a majalisar lardi da ke Regina ya zauna.

Tarko mafi haɗari na siyasa ne. A shekarun 1990 kotu ta sami wasu 'yan jam'iyyar Devine da laifin almundahanar kuɗin majalisa. Jimla ɗaya tak da za ta ajiye sunan Folk kusa da wannan badaƙala ta isa ta ɓata shi, ko da kowace kalma a cikinta gaskiya ce. Edita mai hankali zai jera shekarun, ya ga cewa kuɗin da aka yi shari'a a kansu na zangon da ya biyo bayan zaɓen 1986 ne, lokacin Folk ya riga ya bar majalisa. Saboda haka zancen ba shi da wurin zama a shafinsa.

Aikin kansa ba shi da armashi. Za ka buɗe sakamakon zaɓe na hukumar lardi a gefe guda, kundin gasar a ɗaya gefen, tsohuwar jarida a tsakiya, kana bin jimla ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta tsaya da ƙafarta ka liƙa mata madogara. Wadda ba ta cutar da kowa amma ba ta da shaida, ka sa mata "ana buƙatar hujja". Wadda ke taɓa mutunci kuwa, ka cire ta, ka je shafin tattaunawa ka faɗi dalili. Sai kuma ka kula da ramin da ya fi kowanne zurfi: jaridar da ta kwafi Wikipedia, daga baya a kawo ta a matsayin hujjar abin da ta kwafa. Maganinsa shi ne duba ranar da aka buga labarin, a gwada da ranar da jimlar ta shiga shafin.

Mu masu rubutu a sashen Hausa abin ya shafe mu kai tsaye, domin muƙalolinmu da dama fassara ce daga Ingilishi. Kuskuren da muka ɗauko yau yana iya gyaruwa can gobe, ya ci gaba da zama a wurinmu shekara da shekaru, tunda masu sanin tarihin wani ministan lardi a Kanada ba su da yawa a cikinmu. Don haka nake roƙon duk wanda ya ɗauki tarihin rayayye zai fassara, ya buɗe madogaran da kansa kafin ya wallafa. Mutumin da muke rubutawa a kansa ba ya jin Hausa, ba zai taɓa zuwa ya kare kansa ba, haƙƙinsa kuwa yana wuyanmu.