Baranda: ɗan ƙaramin tsakar gidan mazauna benaye a Jamus

Ga mutumin da ya tashi a gida mai tsakar gida, inda ake shanya, a yi girki, a kuma shimfiɗa tabarma a sha iska bayan sallar isha'i, zai yi wuya ya fahimci irin darajar da Jamusawa ke bai wa ɗan filin nan da ake maƙalawa a jikin bene, wanda sau tari faɗinsa bai wuce murabba'in mita huɗu zuwa shida ba. Amma fa a ƙasar da fiye da rabin al'ummarta ke zaman haya, a birnin Berlin ma adadin ya zarce kashi 80 cikin 100, baranda ita ce kaɗai wurin da miliyoyin mutane ke iya zama a ƙarƙashin sararin sama ba tare da sun bar gida ba. Har ma akwai wata kalma ta barkwanci a harshen Jamusanci, wato Balkonien, wadda aka ƙera ta da siffar sunan ƙasa. Idan aka tambayi mutum inda zai yi hutun bana ya ce Balkonien, to abin da yake nufi shi ne ba ya da kuɗin zuwa Spain ko Italiya, ko kuma ba ya da sha'awa, a barandarsa zai ƙare hutun.

Yadda baranda ta sauko wa talaka

A ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka riƙa janyo jama'a daga karkara zuwa Berlin, an yi ta gina manyan gidajen haya masu hawa biyar. Ɓangaren da ke fuskantar titi, mai ado da baranda, na masu hannu da shuni ne, yayin da ma'aikata ke cunkushe a gine-ginen baya, inda hasken rana ba ya ko leƙawa sosai, tarin fuka kuma ya samu wurin zama. Bayan yaƙin duniya na ɗaya, an samu wasu masana zanen gine-gine da suka ɗauki haske da iska da rana a matsayin haƙƙin kowane mazaunin gida. Ɗaya daga cikinsu shi ne Bruno Taut, wanda tare da Martin Wagner ya tsara unguwar nan mai siffar takalmin doki da ke Britz a kudancin Berlin, wadda aka fara gininta a shekara ta 1925. A cikin dogon benen da ya ba unguwar sunanta, an tanadar wa gidajen da barandar da ke kallon lambun da ke tsakiya. Taut ya kasance yana kallon irin waɗannan wurare a matsayin ɗakin zama na waje, wato wani ɓangare na gidan kansa. A shekara ta 2008 hukumar UNESCO ta shigar da unguwar, tare da wasu biyar irinta a Berlin, cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Bayan yaƙi na biyu, baranda ta zama ruwan dare a sabbin gidaje, a yammaci da kuma gabashin ƙasar, inda aka yi ta jera benayen da aka harhaɗa da fale-falen siminti. Ta kuma samu gurbinta a tarihin siyasa: daga barandar ofishin jakadancin Jamus ta Yamma da ke birnin Prag ne ministan harkokin waje Hans-Dietrich Genscher ya shaida wa dubban 'yan Jamus ta Gabas da suka nemi mafaka a harabar, ranar 30 ga watan Satumban 1989, cewa an amince su wuce zuwa yamma. Kazalika a shekara ta 2020, sa'ad da annobar korona ta tsare mutane a gidajensu, bambanci tsakanin mai baranda da marar ita ya fito fili ƙarara.

Ta ina rana take fitowa

Abu na farko da mai neman cin moriyar barandarsa ke dubawa shi ne inda ta fuskanta. Kasancewar Jamus tana can arewa da nisa, rana takan ratsa ne ta kudancin sararin sama a duk tsawon shekara. Saboda haka barandar da ke kallon kudu ita ke samun rana kusan ilahirin wuni, musamman a watan Yuni da tsawon yini a Berlin kan kai kusan sa'o'i 17. Wadda ke kallon gabas ta dace da mai son karin kumallo a waje, ta yamma kuma ta fi yi wa ma'aikaci daɗi, domin rana na nan a kanta lokacin da ya taso daga aiki. Ta arewa ce marainiya a kasuwar gidaje, ko da yake a 'yan shekarun nan da zafin bazara ke ƙara tsananta, masu ita sun fara yi wa sauran dariya.

Wannan ne ke yanke hukunci a kan abin da za a shuka. Tumatir da barkono da tattasai da ɗaɗɗoya suna buƙatar rana ta aƙalla sa'o'i shida, don haka kudu ko yamma ce tasu. Latas da alayyafo da na'ana'a kuwa sun fi jure inuwa. Ita na'ana'a gara a ware mata tukunyarta ita kaɗai, in ba haka ba saiwarta za ta mamaye ta kashe maƙwabtanta. Tsofaffin manoman ƙasar na da wata ƙa'ida da masu baranda ke bi har yanzu: ba a fitar da dashen da ba ya jure sanyi sai bayan ranakun 11 zuwa 15 ga watan Mayu, waɗanda ake danganta su da wasu waliyyan Kirista, domin har zuwa wannan lokaci ana iya samun daren da raɓa za ta daskare.

Furen da ya fi kowane yawa a barandojin Jamus shi ne jeraniyum, mai ja ko ruwan hoda, wanda baƙi da dama ke ɗauka ɗan asalin tsaunukan Bavariya ne, alhali kuwa daga kudancin Afirka aka kai shi Turai tun a ƙarni na 17. Yana da juriyar ƙishirwa, yana kuma yin fure tun daga Mayu har kaka. Aibinsa shi ne akasarin nau'o'insa ba su da wani abin kirki da suke bai wa ƙudan zuma. Tun bayan da wani bincike da masu nazarin ƙwari na birnin Krefeld suka taimaka aka gudanar ya nuna, a shekara ta 2017, cewa yawan ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a cikin shekaru 27 a wuraren da ake kare muhallinsu, mutane da dama sun koma haɗa shi da tsirrai masu ƙamshi da ake barinsu su yi fure.

Dangane da kayan zama, ƙarancin wuri ne ke koya wa mutum dabara: tebur mai naɗewa da ake rataye shi a jikin shingen ƙarfe, benci mai akwati a ƙarƙashinsa don ajiye matasai, da kuma jera tukwanen shuka a tsaye a jikin bango maimakon a zube su a ƙasa. Babban abin da ke lalata baranda, a haƙiƙa, shi ne mayar da ita ɗakin ajiyar tarkace. Da zarar tsohon keke da kwalaye sun samu shiga, to zama ya ƙare.

Nauyi da tsayin shinge

Akwai ɓangaren da ba a wasa da shi. Bisa ƙa'idojin gini da ake aiki da su a ƙasar, ana tsara sabbin barandoji ne su ɗauki kimanin kilo 400 a kan kowane murabba'in mita. A ido adadin na da yawa, amma ruwa mai zurfin santimita 10 kacal yana da nauyin kilo 100 a kan wannan faɗi. Ke nan idan aka cika robar wankan yara zuwa santimita 40, an cinye iyakar tun kafin yaro ɗaya ya shiga. Haka ma manyan tukwanen shuka, waɗanda nauyinsu kan ƙaru matuƙa bayan ruwan sama. Shi ya sa ake ba da shawarar a jingina su kusa da bangon gida, kada a tara su a can bakin baranda. A tsofaffin gine-gine kuwa, tsatsa da ruɓewa na iya cin ginshiƙai ba a sani ba. A shekara ta 2015 wata baranda ta rufta a birnin Berkeley na jihar Kaliforniya a Amurka, inda matasa shida suka rasa rayukansu, bincike kuma ya gano cewa danshi ne ya ruɓar da katakon da ke riƙe da ita.

A yawancin jihohin Jamus doka ta tanadi shingen baranda ya kai aƙalla santimita 90, idan kuma nisan ƙasa ya haura mita 12 sai ya kai santimita 110. Sai dai wannan tsayi ba ya da amfani idan aka ajiye kujera ko akwati a gindinsa a gidan da ke da ƙananan yara. Akwatunan furanni da ake ratayewa a jikin shinge dole ne a ɗaure su da kyau, domin idan iska ta jefo ɗaya a kan mutum ko mota, mai shi ne zai biya diyya.

Maƙwabci na sama da na ƙasa

Jamusawa sun yi suna wajen kai ƙara, kuma baranda ta ba alƙalansu aiki mai yawa. Tana cikin abin da ɗan haya ke biyan kuɗinsa: bisa wata ƙa'ida da ta fara aiki a shekara ta 2004, ana lissafa rubu'in faɗinta a cikin faɗin gida, a wasu lokuta har zuwa rabi. Don haka ɗan haya na da ikon ajiye kujeru da laima, ya yi shuka, ya shanya tufafi a kan abin shanya, ya kuma karɓi baƙi. Amma duk abin da zai kai ga huda bango ko sauya fuskar gini, kamar kafa rumfa ta dindindin, sai da izinin mai gida. Daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe kuma lokacin shiru ne, hira da ƙarfi ko kiɗa sai a koma ciki.

Gashin nama shi ne uwar rigingimu. Babu wata doka guda ta ƙasa baki ɗaya a kansa, kotuna ne ke yanke hukunci daban-daban. Wata kotu a Bonn ta taɓa cewa, a shekara ta 1997, ana iya yin gashi sau ɗaya a wata daga Afrilu zuwa Satumba, muddin an sanar da maƙwabta sa'o'i 48 kafin nan. A shekara ta 2002 kuma wata kotu a Essen ta tabbatar cewa mai gida na iya haramta gashi kwata-kwata a cikin yarjejeniyar haya, wanda ya yi kunnen ƙashi bayan gargaɗi kuma ana iya korarsa daga gidan. Wannan ne ya sa da yawa suka rabu da gawayi suka koma murhun lantarki. Abin lura a nan: ko da wasa ba a shigar da garwashi cikin ɗaki bayan an gama, saboda iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa. A kan shan taba ma, kotun ƙoli ta tarayya mai kula da shari'o'in jama'a ta yanke hukunci a watan Janairun 2015 cewa maƙwabcin da hayaƙi ke damunsa matuƙa na iya neman a ware wasu sa'o'i da ba za a sha taba a barandar da ke ƙasansa ba.

Ga iyalan musulmi da ke zaune a ƙasar, batun sutura daga idon jama'a na da muhimmanci. An yarda ɗan haya ya lulluɓe shinge da tabarmar gora ko ƙyalle zuwa iyakar tsayin shingen. Abin da ya wuce haka kan buƙaci yardar mai gida, shi ya sa wasu ke amfani da tsirrai masu yaɗo a matsayin labule. Matsalar ba sabuwa ba ce: duk alhajin da ya zaga tsohon garin Jidda ya ga tagogin katako masu ɓula-ɓula da suka turo waje daga jikin benaye, waɗanda ke shigar da iska su kuma bar na ciki ya ga titi ba a gan shi ba. Baƙi da 'yan ci-rani ne kuma suka jawo wani sanannen hukunci na kotun tsarin mulki a shekara ta 1994, inda ta goyi bayan wani ɗan haya Baturke da ya nemi kafa kwandon tauraron ɗan Adam don kallon tashoshin ƙasarsa. Yaɗuwar intanet ta rage wa wannan hujja ƙarfi a gaban kotuna.

Wutar lantarki daga jikin shinge

Sabon abin da ya sauya fuskar benayen Jamus shi ne ƙananan farantan sola da ake ratayewa a jikin baranda. Faranti ɗaya ko biyu ne da wata 'yar na'ura mai juya wutar zuwa irin ta gida, sai a soka waya a soket, firiji da sauran kayan da ke kunne su fara shan wutar rana kafin su taɓa ta kamfani. Tsadar makamashi bayan mamayar da Rasha ta kai wa Ukraine a shekara ta 2022 ta sa jama'a sun yi rububinsu. A farkon 2023 gwamnati ta cire musu harajin saye, a watan Mayun 2024 aka ɗaga iyakar ƙarfinsu daga wat 600 zuwa 800 aka kuma sauƙaƙa rajista, sannan a watan Oktoban wannan shekara aka gyara dokar haya ta yadda mai gida ba zai iya hana ɗan haya kafawa ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Zuwa tsakiyar shekara ta 2025, adadin waɗanda aka yi wa rajista ya kai miliyan ɗaya.

Kuɗin sayensu 'yan ɗaruruwan yuro ne, kuma a barandar da ke kallon kudu sukan mayar da kuɗinsu cikin 'yan shekaru, ko da yake farantin da aka rataye a tsaye bai kai wanda aka karkata shi samar da wuta ba. Sai dai kafin mai sha'awa a Kano ko Maraɗi ya yi odarsu, ya kamata ya san cewa irin wannan na'ura an ƙera ta ne ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da wutar kamfani. Da zarar an ɗauke wuta, ita ma takan kashe kanta cikin ƙiftawar ido, don kada ta jefa ma'aikatan da ke gyaran layi cikin haɗari. A inda ɗauke wuta ya zama jiki, sai an haɗa da batir da na'urar da za ta iya tsayawa da ƙafarta.