Injin Kwaɓi: Kafin Ki Fasa Asusu, Ki San Don Wa Aka Ƙera Shi

 Yau kicin za mu shiga. Na san wani zai ce, mu da muka saba zancen zaɓe da rashin aikin yi, me ya kai mu ga fulawa? To ai zancen aikin yin ne. Ku duba yawan 'yan mata da matan aure a Kano da Kaduna da Zariya da suka mayar da kek da donot da cincin sana'a daga cikin gida. Da yawansu tambaya ɗaya ke cin su: in sayi babbar miksa ɗin nan mai kwano, wadda ake girkewa a kan tebur, ko in ci gaba da hannuna? Kuɗin kuma ba na wasa ba ne. Wata adashin shekara guda za ta zuba, wata mahaifinta ne zai ciwo bashi don a jera mata a kayan kicin.

Ni a ganina amsar tana cikin tarihin injin ɗin.

Tun ana kaɗa ƙwai da hannu ake neman sauƙi. A 1856 wani maƙerin gwangwani a birnin Baltimore na Amurka, Ralph Collier, ya yi rajistar wani makaɗin ƙwai da ake juyawa da hannu. A 1884 wani baƙar fata mai suna Willis Johnson ya yi rajistar nasa ingantaccen samfurin. Amma wannan injin da muke magana a kai, asalinsa 1908 ne, a garin Troy na jihar Ohio. Wani injiniyan kamfanin Hobart, Herbert Johnston, ya ga mai gidan burodi yana fama da ƙullu da ƙaton cokalin ƙarfe, sai ya zauna neman yadda inji zai ɗauke wannan wahala. A 1914 kamfanin ya fito da injin da kwanonsa ke cin kusan lita 75. Ku riƙe wannan adadin. Lita 75 ba girkin gida ba ne, na masu ciyar da ɗaruruwan mutane ne kullum. Shi ya sa gidajen burodi suka fara saye, sannan rundunar sojan ruwan Amurka ta sa shi a jiragenta a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Dabarar da ta sa ya yi fice ita ce yadda yake juyi. Makaɗin yana juya kansa, a lokaci guda kuma yana zagaya kwanon, kamar yadda duniya ke juyawa tana kewaya rana. Ta haka yake taɓa kowane lungu na ƙullun. Har yau manyan miksoshi a kan wannan tsarin suke.

Da yaƙi ya ƙare, sai kamfanin ya ce bari a gwada gidaje. A 1919 aka fito da na gida da sunan KitchenAid, mai kwanon kusan lita 5. Nauyinsa ya kusa kilo 30, kuɗinsa dala 189.50. Don ku gane tsadar, 'yan shekaru kaɗan bayan nan, a 1925, ana sayar da sabuwar motar Ford Model T a kan dala 260. Wato injin kaɗa ƙwai ya haura kashi biyu bisa uku na kuɗin mota! Masu shaguna suka ƙi karɓa, suka ce wa zai saya? Sai kamfanin ya ɗauki mata, suna bin gida gida da wannan uban nauyi, suna kunna shi a kicin ɗin matar gida don ta gani da idonta. Ga kuma matsalar da za ku ji kamar a nan ake: wuta. A tsakiyar shekarun 1920 kusan rabin gidajen Amurka ne kawai ke da lantarki. A karkara kuwa, har farkon shekarun 1930, gida ɗaya cikin goma ne. Sai a 1935 gwamnatin Roosevelt ta kafa hukumar kai lantarki karkara. Miksa ba ta zama kayan kowa a can ba sai da wuta ta zama ta kowa.

Wanda ya fara shigar da ita gidajen masu ƙaramin ƙarfi ma ba KitchenAid ba ne. Mixmaster ce ta Sunbeam, wadda ta fito a 1930 a kan ƙasa da dala 20. Wannan gasa ta sa Hobart ta ɗauko mai zayyana kaya, Egmont Arens, ya fito da samfurin K a 1937. Siffar da kuke gani a bidiyon masu kek a Instagram, mai zagayayyen kai kamar harsashi, tasa ce, kusan ba ta canza ba. A 1955 aka fara yi mata launuka, ruwan hoda da ɗorawa da sauransu. Daga nan ne fa labarin ya juya. Abin da aka ƙera don mai gidan burodi da sojan ruwa ya koma kyautar biki, amarya ta ajiye a inda baƙi za su gani. Mu kuwa Kenwood muka fi sani, saboda alaƙarmu da Ingila. Kenneth Wood ya ƙaddamar da Kenwood Chef a wani baje kolin kayan gida a Landan a 1950, kuma a can ma ba a daɗe ba ta shiga jerin kayan aure.

To shin ta rage wa matan aiki? Wata masaniyar tarihi, Ruth Schwartz Cowan, ta rubuta littafi a 1983 mai suna More Work for Mother, wato ƙarin aiki ga uwa. Hujjarta ita ce, na'urorin gida sun rage gumi, amma ba su rage awannin aikin matar gida ba. Aikin da a da maigida da yara da 'yan aiki ke taya ta, inji ya zo ya sallame su, ya bar ta ita kaɗai. Sannan abin da ake tsammani daga gare ta ya ƙaru. Da can kek mai laushi abu ne na ranar biki, don kaɗa ƙwansa kawai sai hannu ya sage. Da makaɗi ya zo, sai ya zama abin da ake jira kowane mako. 'Yar'uwa, ki yi tunanin gidanku. Ranar da dangin miji suka san kina da miksa, kek ɗin sunan kowa da walimar kowa a kanki yake, kuma "Allah ya yi albarka" ne kuɗinki.

Akwai wani abu a littafin da ya fi jan hankalina. Ta nuna cewa Amurka ta gwada wasu hanyoyi, kamar kicin na haɗin gwiwa da gidajen wanki na unguwa, amma aka bar su, aka zaɓi kowane gida ya sayi nasa injin. Mu a ƙasar Hausa ɗaya hanyar muka bi. Lokacin da injin niƙa ya zo ya hutar da iyayenmu mata daga dutsen niƙa da dakan gari, ba kowane gida ne ya saya ba. Mutum ɗaya ya kafa a bakin layi, unguwa duka tana aika yara da kwano, a biya kuɗin niƙa. Injin markaɗe ma haka. Inji ɗaya, yana aiki daga safe zuwa magariba, yana ciyar da mai shi. Ko tarihin burodi a Najeriya haka ya nuna. Amos Shackleford, mutumin Jamaika da ya kafa gidan burodi a Legas a farkon shekarun 1920, har ake masa laƙabi da sarkin burodi, injin murza ƙullu ya kawo don kasuwa, ba don ɗakin girkinsa ba.

Saboda haka ni tambayar da zan yi wa mai son saye ita ce: kilo nawa na fulawa kike kwaɓawa a mako, kuma wane irin ƙullu?

In kek ne da kofkek jefi-jefi, ƙullunsu ruwa-ruwa ne, ƙaramar miksa ta hannu ta ishe ki, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na babbar ba. Fanke hannu yake so. Cincin da ƙullun mitfai ma ba sa son yawan murza, in an matsa musu tauri suke yi. Inda babbar take nuna kanta shi ne burodi da donot, masu yis, waɗanda sai kin yi minti goma zuwa sha biyar kina murza kafin su yi danƙo, da kuma kirim ɗin ado in kina haɗa shi da yawa. In oda ta kai ki kina wannan murzar sau uku sau huɗu a rana, har kina mayar da kwastoma saboda kafaɗa ta gaza, to kin zama irin mutumin da Johnston ya gani a 1908. Ki saya, jari ne, zai biya kansa.

In kuma za ki saya, kada lambar wat da aka rangaɗa a jikin kwali ta ruɗe ki. Wutar da injin ke ja take nunawa, ba ƙarfin murzarsa ba. Ki tambayi haƙoran da ke ciki, na ƙarfe ne ko na roba, ki kuma tambaya ko akwai mai gyara da kayan gyara a garinku. Wadda 'yar'uwa za ta turo miki daga Amurka, ki sani a kan wuta 120 aka yi ta, tamu kuwa 230 ce. Kika jona ta kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba, ta ƙone. Ta Ingila ita ce daidai da wutarmu. Sannan ki lissafa man janareto a cikin kuɗin kowane kek, don ranar da oda ta fi yawa ita ce ranar da za a ɗauke wuta.

Iyaye kuma, don Allah a sassauta. A ciwo bashi a sayi inji don 'yan ganin ɗaki su yaba, alhali amaryar ba ta taɓa gasa ko biskit ba, wannan tallan 1955 ne yake aiki a kanmu. In yarinya tana da sha'awar sana'ar, kuɗin ya fi amfani a tanda mai kyau da sikeli da buhun fulawa.

Abin da nake so in ga ƙungiyoyinmu na matasa sun gwada shi ne tsarin injin niƙa. Masu kek biyar ko shida na unguwa ɗaya su yi adashi, su sayi babba guda ɗaya mai ƙarfi, irin na gidajen burodi, a ajiye a gidan da ke da sola. A raba ranaku, a sa ɗan kuɗi kan kowane kilo don gyara, a rubuta yarjejeniya a takarda tun kafin a saya, har da abin da za a yi in wata ta yi aure ta bar unguwar. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.