DAGA GIDAJEN SHAGARI ZUWA YAU: WA KE TSAYA WA MAI ƘARAMIN ƘARFI?

Jama'a, tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, muhawararmu ta tsaya a kan kason wata-wata. Amma akwai abin da ya fi ci wa magidanci tuwo a ƙwarya, wato kuɗin haya. Kullum sabbin rukunin gidaje da benaye na tashi a bakin garuruwanmu, ana faɗaɗa tsofaffi, amma da wuya ka ji wata hukuma ta tambayi mai ginin: ɗaki nawa ka ware wa malamin firamare ko direban Keke Napep? Bari mu ɗan waiwayi tarihi mu ga yadda aka zo nan.

A 1973 gwamnatin Gowon ta kafa hukumar gidaje ta tarayya, FHA, wadda ta gina Festac a Legas. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, ya sa gidaje a sahun gaba na manufofinsa: gida 40,000 duk shekara, 2,000 a kowace jiha da Abuja. Har yau sunan na nan: Shagari Quarters a Kano, Shagari Low Cost a Barnawa ta Kaduna da Maiduguri. Sai dai har sojoji suka kifar da gwamnatin a ranar 31 ga Disamba, 1983, ba a gina ko kashi ɗaya cikin huɗu na gida 200,000 da aka yi niyya ba.

Me ya jawo? Ban da 'yan kwangila da faɗuwar farashin mai, akwai rigimar fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna. Kuɗi na Legas, fili na gwamna, da yawan gwamnonin kuma ba 'yan NPN ba ne. A wurare da dama sai aka ba da fili can bayan gari, ba ruwa ba hanya, wasu gidajen suka shekara ba kowa sai ƙadangaru. A daidai lokacin Lateef Jakande ya gina dubban gidaje masu rahusa a Iponri, Abesan da Amuwo-Odofin, saboda fili da kuɗi da iko duk suna hannu ɗaya, kuma yana kusa da aikin.

To ina ƙaramar hukuma a duk wannan? Kusan 'yar kallo ce. Dokar 1978 ta bar mata filayen karkara kawai, na noma da kiwo da zama. Da zarar gwamna ya ayyana wuri a matsayin birni, shi ke nan an zare hannunta. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi hukumar tsare-tsare a matakin ƙaramar hukuma, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsara gari hurumin jiha ne. Shi ya sa yau izinin gini yana wajen irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Abin da tsarin mulkin 1999 ya bar wa ciyaman shi ne sa wa titi suna, sa wa gida lamba, da karɓar harajin gidaje. Wato wanda ya fi kowa sanin waye ke kwana a shago, ba shi da bakin magana ranar da ake sa hannu a kan takardar gini.

Akwai inda aka bi wata hanya daban. Montgomery wata ƙaramar hukuma ce a jihar Maryland ta Amurka, dab da birnin Washington. A 1974 ta fara aiki da wata doka: duk wanda zai gina gida 50 ko fiye, sai ya ware kashi 15 cikin 100 a farashin da mai matsakaicin albashi zai iya. Ita kuma ta ba shi damar ƙara yawan gidajen da zai gina a filin har da kashi 20 cikin 100, don kada ya yi asara. Ba ta fitar da kuɗin gini ba, izinin da ke hannunta ta yi ciniki da shi.

Su ma sun sha darasi. Da farko shekara 5 kacal aka ƙayyade farashin, wa'adi na cika sai gidajen suka koma farashin kasuwa. Suka yi ta gyara har ya kai shekara 30 ga gidan sayarwa, 99 ga na haya. Wannan ita ce cutar da ta cinye namu: an raba, an sayar, an sake sayarwa, ba mai bibiya. Je ka tambayi kuɗin gida a unguwannin da har yau ake kira masu rahusa, ka ji ko ɗan fansho zai iya.

Kun ga ke nan gini kaɗai ba ya isa. Sai an gindaya sharaɗi kafin a ba da izini, sannan a samu na kusa da zai riƙa duba wa ke ciki bayan shekara goma. Na san wani zai ce ciyamomin namu ai 'yan amshin shatan gwamna ne, ba su wannan iko tamkar ba kura ajiyar nama ne. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Maganinta shi ne a yi komai a fili: a kafe takardar neman izini a sakatariya, a kira zaman jin ra'ayi da masu unguwanni da 'yan haya, a buga sunayen waɗanda suka samu.

Wannan gyara ba sai an je Abuja ba, Majalisar Dokokin jiha ce ke da wuƙa da nama. Don haka idan ɗan majalisarku ya dawo neman ƙuri'a, ku tambaye shi: a sabbin gidajen da ake ginawa a mazaɓarka, nawa ne rabon mai ƙaramin ƙarfi, kuma wa zai tsare masa?

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba kowa muhallin kansa.