Daga Zangon Mahajjata zuwa Gajeren Zango: Tarihin Sadarwa a Ƙauyukan Hausawan Jazira

Gabatarwa

Kalmar "zango" tana da ma'ana biyu a bakin Bahaushen yau. Ta asali ita ce masaukin fatake da mahajjata, inda ayari ke yada kaya ya kwana kafin ya ci gaba. Ta biyu kuwa gidajen rediyo ne suka ara mata, suka ce "gajeren zango" da "matsakaicin zango". Ma'anonin biyu sun haɗu a tarihin Hausawan da ke zaune a Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Wannan nazari zai bi sawun hanyoyin da saƙo ya riƙa bi a yankin, daga bakin matafiyi zuwa wayar tangaraho, zuwa akwatin rediyo da oba-oba. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, duk sadarwar da aka rataya a kan jijiya guda, ranar da aka yanke jijiyar kowa sai ya kurmance.

Saƙo a Bakin Matafiyi

Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar Hausa da Barno ke ratsa Wadai da Darfur da Kordofan a ƙasa, su nufi gaɓar Bahar Maliya domin tsallakawa Makka. Tafiyar kan ci shekaru, domin mahajjaci kan tsaya ya yi noma ko ƙwadago ya tara guzuri. Ƙaura mafi shahara ta biyo bayan yaƙin Burmi na 27 ga Yuli 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, Fulani da Hausawa, suka yi gabas. Wajen 1906 suka isa Shuɗin Nilu, daga baya suka kafa garin Mai Wurno a kudu da Sinnar.

A wancan zamani labarin gida ba shi da hanya sai ƙafar mutum. Wasiƙar ajami ko sallahu na baki kan tashi daga wannan zango zuwa wancan. Wanda ya kawo ta Abeche ya miƙa wa mai zuwa Fashir, shi kuma ya damƙa wa mai zuwa Ubayyid. Hanyar tana da jinkiri ƙwarai, amma wuyar kashewa gare ta, domin in wani matafiyi ya rasu ko ya ɓata, wani na tafe bayansa.

Waya da Ruwan Jazira

Hukuma kuwa tuni ta mallaki hanya mai sauri. Gwamnatin Masar ta ja wayar tangaraho har Khartum tun kafin tashin Mahadi. Rauninta ya bayyana a watan Maris 1884, lokacin da mabiya Mahadi suka yanke layin da ya haɗa Khartum da arewa. Daga ranar Janar Gordon ya koma dogaro da 'yan aike da jiragen ruwa, har birnin ya faɗi a 26 ga Janairu 1885.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman auduga na Jazira, mai hedikwata a Barakat kusa da Wad Madani. Bayan an ƙara masa yankin Manakil, girmansa ya kai wajen fadan miliyan biyu. Mutanen Afirka ta Yamma, waɗanda Sudanawa ke kira Fallata ko Takari, suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin ƙwadagon gonakin, musamman cirar auduga. Da yawansu sun zauna a sansanonin bakin gona da ake kira kambo.

Shirin kansa a kan waya ya rayu. Ruwa kan yi kwanaki kafin ya tashi daga madatsa ya isa gonakin ƙarshe, saboda haka dole jami'in kowane yanki ya ƙiyasta buƙatarsa tun da wuri, ya aika ta wayar tarho daga wannan mashiga zuwa ta gaba har lissafin ya isa Sinnar. Da layukan suka tsufa suka riƙa mutuwa, rabon ruwa ya rikice, wata magudana ta yi ambaliya, wata ta ƙafe. A shekarun 1980 aka kafa wa shirin sabon tsarin sadarwa na rediyo da tallafin Japan. Manomi da leburan kambo sun ci amfanin waɗannan na'urori ta hanyar ruwan da ya iso kan kari, amma na'urorin suna ofis, a hannun ma'aikata.

Masu Rediyon Sha'awa

A daidai shekarun da mutanen Mai Wurno ke tafe a ƙasa, wata fasaha tana tsirowa a Turai da Amurka. A Disamba 1901 Marconi ya ba da sanarwar cewa ya kama siginar da ta tsallaka Tekun Atlantika ba tare da waya ba. Nan da nan matasa masu sha'awa suka shiga harhaɗa na'urorinsu a gida suna magana da juna. A 1912 dokar Amurka ta kore su zuwa zangon mita 200 da abin da ya yi ƙasa, bisa zaton wurin ba shi da amfani.

Da yake na'urorinsu ba su cin dogon zango, sai suka ɓullo da dabarar miƙa-miƙa. A 1914 Hiram Percy Maxim ya jagoranci kafa ƙungiyar ARRL, wadda aikinta na farko shi ne karɓar saƙo daga wannan tasha a miƙa wa ta gaba, daidai da yadda wasiƙar alhaji ke bin zanguna. Daga baya suka gano cewa wurin da aka watsar da su shi ne mai albarka. Gajeren zango kan haura sama ya bugi wani rufi na iska mai caji, ya dawo ƙasa a nisan dubban kilomitoci. A Nuwamba 1923 Léon Deloy a birnin Nice na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell a Amurka. A 1925, shekarar madatsar Sinnar, aka kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a Faris.

Kowace ƙasa tana da haruffan da ke buɗe lambar kiran masu lasisinta: ST na Sudan, 5N na Nijeriya, 5U na Nijar, TT na Chadi. Sai dai a waɗannan ƙasashe masu lasisin ba su taɓa yawa ba. Kayan suna da tsada, sai an shigo da su daga waje, gwamnatoci kuma, na Turawa da na soja, ba su sakin jiki da farar hula mai na'urar aika magana.

Kunne Ba Baki

Rediyon da ya shiga ƙauye shi ne na saurare. Gidan rediyon Umdurman ya fara aiki a 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 13 ga Maris 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa, Muryar Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979. Rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, shi ma ya riƙa watsa shiri a gajeren zango, a kan mita 49. Da ƙaramin akwatin taransisto mai batir ya yi araha, mutumin da aka haifa a gaɓar Nilu ya samu damar jin Hausar Kano da Sakkwato da kunnensa.

Wannan yana da muhimmanci ga ɗalibin harshe. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya wallafa littafi a 1999 kan yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci a furuci da kalmomi. Muryar da ke fitowa daga akwati ta zama ɗaya daga cikin igiyoyin da suka riƙe karin harshen da tushensa. Amma mai saurare ba ya mayar da magana, sai dai ya rubuta wasiƙa ya jira a karanta gaisuwarsa.

Oba-Oba da Rifita

Na'urar hannu mai ji da mayarwa ta bazu ne a Yaƙin Duniya na Biyu, inda kamfanin da ya zama Motorola ya ƙera wa sojojin Amurka dubbai. Larabawa suna kiran irinta "lasilki", wato maras waya. Bahaushe kuwa da kunne ya raɗa mata suna. Na'urar ba ta ji da faɗa a lokaci guda, don haka mai magana kan rufe zancensa da wata kalmar Ingilishi da ke nufin "na gama, sai kai". Da aka yi ta jin "oba" a bakin 'yan sanda da sojoji, sai sunan oba-oba ya zauna.

Oba-oba ta yau galibi ba ta aiki a gajeren zango. Tana amfani da zango mafi gajarta, irin su megahaz 144 zuwa 146 da aka ware wa masu sha'awa a Afirka da Turai. Siginar wannan zango kusan miƙe take tafiya kamar haske, kuma lanƙwasar doron ƙasa ce ke yi mata iyaka. Akwai lissafi mai sauƙi: a nemo tushen murabba'i na tsayin eriya a mita, a ninka da 4.1, amsar ita ce nisan a kilomita. Mutum a tsaye da na'ura a tsayin mita ɗaya da rabi yana da kilomita 5. Mutum biyu ke nan ba za su wuce kilomita 10 ba, ko da a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Jazira.

Maganin wannan shi ne rifita, wato mai maimaitawa. Tasha ce da ake ɗorawa a bisa tudu ko hasumiya, ta karɓi magana a wata mita ta sake furta ta nan take a wata. A zangon da aka ambata, tazarar mitocin biyu kilohaz 600 ce. Eriya a tsayin mita 100 tana hangen kilomita 41, saboda haka mutum biyu da ke ɓangarorinta biyu za su iya jin juna a tazarar kusan kilomita 90. A ƙasar da ba ta da tuddai sai jefi-jefi, dutse irin Jabal Moya da ke yamma da Sinnar daraja gare shi. Rifita dai zango ce ta zamani, kuma raunin zango ɗaya tak ke gare ta: in ta mutu, kowa ya koma kilomita gomansa.

Gano Cutar Na'ura

Masu wannan fanni sun gaji ƙa'ida guda, wato a fara da abu mai arha kafin a zargi mai tsada. Batir ake fara dubawa, domin aikawa ta fi saurare cin wuta nesa ba kusa ba. Na'urar da ke ji lafiya amma ta ɗauke da an danna maɓallin magana, galibi batirinta ne ya gaji, kuma zafin rana yana gaggauta tsufansa. Sai eriya da igiyarta. Tsawon eriya yana bin zango, a megahaz 145 sandar da ta kai kimanin rabin mita ake so. In ta karye, ko ƙura da damshi suka shiga mahaɗinta, ƙarfin da aka tura kan komo cikin na'urar ya ƙona ta, shi ya sa ba a danna maɓallin magana babu eriya.

In wuta da eriya suna lafiya, sai a koma kan saiti. Wanda ke jin rifita amma ita ba ta amsa masa, ko dai bai sa tazarar mita daidai ba, ko ya manta da ɗan sautin ɓoye da yawancin rifitoci ke buƙata kafin su buɗe. Gwaji mafi sauƙi shi ne a kauce wa rifita, na'ura biyu su yi magana kai tsaye a mita guda. In suka ji juna, cutar tana kan tudu. Can kuma abin da aka fi samu shi ne ƙura ta rufe faifan sola, ko tsawa ta faɗa wa eriya a damina.

Shekarar da Layi Ya Ɗauke

Wayar salula ta shiga Sudan a ƙarshen shekarun 1990, kuma ita ce ta fara ba mutumin ƙauye baki da kunne gaba ɗaya. Da zuwan WhatsApp, dangin da suka rabu tun zamanin kakanni suka riƙa aika wa juna murya tsakanin Sinnar da Kano. Amma ƙarfen sabis ya bambanta da rifita ta fuska guda. Ba ya iya haɗa maƙwabta biyu da kansa, sai ya nemi izinin babbar cibiya, cibiyoyin kuma a Khartum suka taru.

An ɗanɗana illar haka a Yuni 2019 da Oktoba 2021, lokacin da hukuma ta rufe intanet na makonni. Yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023. A Disamba na shekarar dakarun RSF suka kama Wad Madani, a Fabrairu 2024 kuma layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a faɗin ƙasar. Manhajar Bankak da mutane ke karɓar kuɗi daga 'yan uwa ta tsaya, ɗakunan dafa abincin sadaka da yawa suka rufe. A ƙarshen Yuni 2024 faɗa ya kai Sinja, hedikwatar jihar Sinnar, kuma sai a Janairu 2025 sojoji suka karɓe Wad Madani. A tsakanin nan jama'a sun koma biyan kuɗi a wuraren da ke da faifan Starlink, wasu kuma suka koma ba direbobi wasiƙar hannu, kamar dai a zamanin ayari.

Kammalawa

Shekaru 140 ne tsakanin yanke wayar Khartum a 1884 da ɗaukewar layi a 2024, kuma illar iri ɗaya ce. Oba-oba ba za ta aika kuɗi ba, ba za ta kai murya Kano ba, kuma a lokacin yaƙi wanda aka kama da ita babu lasisi yana iya fuskantar zargin leƙen asiri. Abin da take iyawa shi ne haɗa ƙauye da ƙauye, unguwarzoma da asibiti, mai gadin magudana da manoma, ba tare da jiran wata cibiya ba. Irin wannan tanadi a lokacin zaman lafiya ake yin sa, da lasisin hukuma, da matasan da suka koyi auna batir da gyaran eriya. Shawarar ta shafi ƙauyukan Katsina da Zamfara da Sakkwato, inda aka rufe layukan waya a 2021 saboda matsalar tsaro, kamar yadda ta shafi na Jazira. Da ma Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane.