Yadda Ƙauyukan Jihar Creuse Suka Tsaya wa Gidajen Wayarsu

 A wannan fitowa mun ga ya dace mu kawo muku tarihin wata jiha ta ƙasar Faransa mai suna Creuse, da yadda mutanenta suka tashi tsaye sa'ad da aka fara rufe musu gidajen waya da sauran ma'aikatun gwamnati. Mun zaɓi labarinsu ne domin ƙasarsu ta 'yan ci-rani ce kamar tamu, kuma aikin gidan waya da muka sani nan Nijar daga Faransa muka gaje shi.

ƘASAR MAGINA

Creuse tana tsakiyar Faransa, wajen kilomita 400 kudu da Faris. Babban garinta shi ne Guéret. Ƙasa ce mai duwatsu da sanyi, noma ba ya ciyar da gida shekara guda. Saboda haka tun ɗaruruwan shekaru mazansu suka koyi gini. Da watan Maris ya kama sai su ɗaura kaya, su kama hanya da ƙafa zuwa Faris ko Liyon, su yi aikin magina har watan Nuwamba ko Disamba, sa'an nan su komo gida da abin da suka tara. Mata da tsofaffi da yara su ke riƙe gonaki. A tsakiyar ƙarni na 19 mazan da ke fita kowace shekara sun haura 30,000. Ɗaya daga cikinsu, Martin Nadaud, ya fara tafiya a 1830 yana ɗan shekara 14, daga baya a 1849 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokoki.

A wannan shekara ta 1830 ɗin ne gwamnatin Faransa ta ɗauki masu raba wasiƙu 5,000 don su riƙa shiga ƙauyuka da ƙafa, yau su zo gobe su tsallake, kafin daga bisani abin ya koma kullum. Manda kuwa an fara ta tun 1817. A 1881 aka buɗe asusun ajiya na gidan waya, inda talaka zai kai 'yan kuɗinsa a rubuta masa cikin karne. Duk wanda ya taɓa tsayawa layi a gidan waya na Maraɗi ko Damagaram ko Tawa yana jiran mandar ɗansa ya san abin da waɗannan abubuwa suke nufi ga gidan da maigidansa ke nesa.

Sannu a hankali maginan suka daina komowa, suka kwashe iyalansu zuwa birni. A ƙidayar 1851 mutanen Creuse sun kai 287,000. A ƙidayar 1999 ba su wuce 125,000 ba, kuma da yawansu tsofaffi ne masu karɓar fansho a gidan waya.

INDA MATSALA TA FARO

Da can gidan waya da wayar tarho ma'aikata guda ce ta gwamnati, PTT. Wata doka ta 1990 ta raba su biyu, daga 1 ga Janairu 1991 aka samu La Poste da France Télécom, kowanne aka ce ya riƙe kansa da kuɗinsa. Mu ma an yi irin wannan rabo a 1997, lokacin da aka raba OPT, tarho ya koma hannun SONITEL, wasiƙu da ajiya suka koma ONPE.

Da aka ce La Poste ta riƙe kanta, sai shugabanninta suka fara lissafi. Suka ga akwai dubban ƙananan gidajen waya a ƙauyuka inda ma'aikaci ke wuni bai ga mutane da yawa ba. Hanyar da suka bi ita ce rage lokacin buɗewa. Mutum ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, gobe sai ya wuce babban gari. Masu zuwa suka ragu, sai aka ce to ga shi babu jama'a, a rufe. Haka kuma ake yi wa ajin makaranta, da tashar jirgin ƙasa, da gidan karɓar lanho. Kowane magajin gari ya rubuta takardar kuka shi kaɗai, aka ba shi amsa shi kaɗai, aka ci gaba da rufewa.

MURABUS DA ZANGA-ZANGA

A 2004 aka ba da sanarwar rufe wasu gidajen baitulmali na ƙauyukan Creuse, ga kuma maganar gidajen waya tana tafe. Nan haƙuri ya ƙare. Ran 23 ga Oktoba 2004 zaɓaɓɓu 263 na jihar, cikinsu har da magadan gari 28, suka ajiye muƙamansu rana guda. Hujjarsu ita ce, tun da ana yanke shawara kan garuruwansu ba a tambaye su, to kujerun da suke kai ba su da amfani. Jihar da ba a cika jin sunanta ba sai ga ta a bakin rediyo da jaridun ƙasa duka. Abin da takardun kuka na shekara da shekaru ba su yi ba, haɗa kai na yini ɗaya ya yi shi. Da ma an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ran 5 ga Maris 2005 aka yi babbar zanga-zanga a Guéret. Dubban mutane suka zo daga sassa daban-daban na Faransa, ana zubar ƙanƙara, suka bi tituna: magadan gari da ɗamararsu, ma'aikatan gidan waya, 'yan ƙungiyoyin ƙwadago, manoma da tsofaffi. Manyan 'yan siyasa ma sun zo. François Hollande, wanda a lokacin shi ne shugaban jam'iyyar gurguzu, kuma daga baya ya zama shugaban ƙasa a 2012, har jifarsa aka yi da dunƙulen ƙanƙara, saboda saɓanin da ake yi a lokacin kan tsarin mulkin Tarayyar Turai. Daga wannan taro ƙungiyoyin kare ma'aikatun gwamnati na jihohi daban-daban suka haɗu suka zama ƙungiya guda ta ƙasa.

ABIN DA AKA SAMU

Gwamnatin firaminista Jean-Pierre Raffarin ta kafa zaman shawara kan ma'aikatun karkara. A watan Afrilu 2005 La Poste da ƙungiyar magadan garin Faransa suka sa hannu kan yarjejeniya. Sa'an nan dokar gidan waya ta 20 ga Mayu 2005, wadda take gaban majalisa tun kafin zanga-zangar, ta fito da wani sharaɗi da ya amsa kukan ƙauyuka. Sharaɗin ya ce a kowace jiha, waɗanda ke nesa da wurin aikin gidan waya fiye da kilomita 5 da tafiyar minti 20 a mota kada su wuce kashi 10 cikin 100 na jama'a.

A 2009 gwamnati ta so mayar da La Poste kamfani. Ƙungiyoyi da jam'iyyu suka shirya ƙuri'ar jama'a da kansu, suka ajiye akwatuna a kasuwanni da ƙofar gidajen waya da ofisoshin magadan gari. Ran 3 ga Oktoba 2009 aka rufe ƙuri'ar, mutane fiye da miliyan 2 suka jefa, kusan dukansu suka ce ba su yarda ba. Gwamnati ba ta janye ba, daga 1 ga Maris 2010 La Poste ta zama kamfani mai jarin hukuma. Amma a cikin dokar 9 ga Fabrairu 2010 an rubuta cewa wuraren aikin gidan waya a ƙasar kada su kasa 17,000.

ABIN DA AKA RASA

To, a nan ne ya kamata dattawa su saurara da kyau. Doka ta ce wuraren aiki 17,000, ba ta ce cikakkun gidajen waya 17,000 ba. Ta wannan ƙofa aka bi. Ƙauyuka da yawa aka mayar da gidan wayarsu ƙaramin reshe a ofishin magajin gari: gari ya ba da ɗaki da ma'aikaci, La Poste ta riƙa biyan wani abu kowane wata. Waɗansu kuma aka kai aikin kantin ɗan kasuwa. A irin waɗannan wurare ana sayen kan sarki, ana karɓar kaya, amma kuɗin da mutum zai iya cirowa daga ajiyarsa an ƙayyade shi, babbar buƙata kuwa sai an je gari. Yau cikakkun gidajen waya ba su kai rabin adadin nan ba. Wasiƙu kuma sun ragu ƙwarai, daga wajen biliyan 18 a 2008 zuwa wajen biliyan 6 a 2023, saboda intanet da wayar hannu. Shi ya sa a watan Yuni 2015 mutane suka sake taruwa a Guéret, shekara 10 bayan taron farko.

Duk da haka, tsohuwar da ba ta da mota a ƙauyen Creuse tana da inda za ta je kusa da gida, kuma magajin garinta yana da doka a hannu da zai nuna wa hukuma idan aka zo da zancen rufewa.

Mu kam yau yawancin kuɗin 'yan bida ta wayar hannu da kamfanonin aika kuɗi suke isowa gida. Amma makaranta, da gidan likita, da famfon ruwa, duk ana iya yi musu irin lissafin da aka yi wa gidan waya na Creuse, musamman garin da samarinsa suka fita. Idan ranar ta zo, mu tuna cewa garuruwan can sai da suka je tare aka saurare su. Mu tuna kuma alkawarin da aka rubuta da lamba shi ya tsaya, don haka kafin a sa hannu a tambaya dalla-dalla wane aiki za a riƙa yi a ɗakin, kwana nawa a mako, wa kuma zai biya ma'aikaci. Muna roƙon duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Allah ya maido matafiyanmu gida lafiya, amin.