Daga Kusugu zuwa Kaltungo: yadda saran maciji ya shiga mujallun likitanci

Babu macijin da ya kai na rijiyar Kusugu suna a ƙasar Hausa. Kowane yaro a Daura ya san yadda ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare masa kai. Labarin ya rayu domin kaka da kakanni sun yi ta ba da shi. Macizan da ke saran manoma da damina a gonakin Ɓaure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa kuwa, nasu labarin yakan ƙare a katin asibiti, idan ma an kai mutumin asibiti. Abin da likita ya gani cikin dare a sashen gaggawa ba ya amfanar wani likita sai an rubuta shi, an aika wa mujalla, masana sun tantance. Tarihin saran maciji a Arewa ya nuna yadda wannan hanya take.

A shekarun 1970, Dakta David Warrell, ɗan Birtaniya, yana aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Shi da abokan aikinsa suka riƙa bin waɗanda kububuwa ta sara, macijiyar da wasu ke kira gobe-da-nisa, suna rubuta lokacin saran, alamomin da suka bayyana, maganin da aka bayar da abin da ya biyo baya. A 1977 suka wallafa bayanin majiyyata fiye da 100 a mujallar Quarterly Journal of Medicine. Aikin nasu ya yaɗa wani gwaji mai sauƙi: a ɗebi jinin majiyyaci, a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a jira minti 20. Idan jinin bai daskare ba, dafi ya shiga jiki, sai a hanzarta ba da maganin dafi. Har yau da wannan gwaji ake aiki a ƙananan asibitocin Afirka da Asiya.

Mataki na gaba shi ne ƙidaya. A ƙasar Malumfashi, wadda a lokacin take cikin tsohuwar Jihar Kaduna kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, an gudanar da dogon bincike kan cututtukan karkara tare da masana daga Liverpool. Biyu daga cikinsu, Pugh da Theakston, suka wallafa maƙala a mujallar The Lancet a 1980. Sun nuna cewa a wani yanki na kwarin Binuwai, maciji na saran mutum 497 cikin kowane 100,000 a shekara, kuma kimanin 12 cikin 100 na waɗanda aka sara suna rasuwa. Da ma mutanen ƙauye sun san ɓarnar, amma sai da ta zama alƙaluma a takarda hukumomi suka sami abin kamawa.

A daidai wannan zamani mujallu suka fara tsaurara sharuɗɗa. A 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka haɗu a birnin Vancouver na Kanada, suka tsara ƙa'ida ɗaya ta shirya maƙala. Tsarin da suka ƙarfafa shi ake bi har yau: gabatarwa mai faɗin tambayar da ake son amsawa, sai hanyar da aka bi, sai sakamako, sannan sharhi. Akwai kuma sharaɗin da ya samo tushe daga Sanarwar Helsinki ta 1964, wato yardar majiyyaci, wanda daga baya aka haɗa shi da izinin kwamitin ɗa'ar bincike.

Kano ta ɗanɗana kuɗarta kafin a ɗauki wannan sharaɗi da muhimmanci. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Daga baya ta bayyana cewa takardar izinin da aka nuna an rubuta ta ne bayan gwajin, aka sa mata tsohon kwanan wata. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Zargin da abin ya haifar ya taimaka wajen ƙin allurar shan-inna a 2003. A 2007 Najeriya ta fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa.

Kaltungo, a Jihar Gombe, ta nuna yadda ake yi bisa ƙa'ida. A babban asibitin garin aka gwada magungunan dafi biyu a kan majiyyata 400, ɗaya an haɗa shi a Birtaniya daga jinin tumaki, ɗayan a Kosta Rika daga jinin dawaki. An raba majiyyatan ta hanyar ƙuri'a, ba tare da likita ko majiyyaci ya san wanda aka ba shi ba. Sakamakon ya fito a 2010, da sunayen likitocin Najeriya a gaba, kuma duka magungunan sun yi aiki. Irin waɗannan maƙaloli, haɗe da ƙoƙarin masana kamar Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero, suna cikin hujjojin da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji a jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a 2017.

Yau ƙofa ta fi buɗewa. Tun 2011 ake wallafa African Journal of Emergency Medicine, mujallar ƙungiyar likitocin gaggawa ta Afirka, kuma tana da tsarin haɗa sabon marubuci da gogaggen masani da zai taimaka masa ya gyara aikinsa. Likita ko ma'aikaciyar jinya a Daura ba su rasa abin rubutawa ba: haɗarin babura a hanyar Kwangwalam, zubar jini bayan haihuwa, yara masu jijjiga da zazzaɓin damina.

Darasin Zariya da Kaltungo shi ne maƙala tana farawa tun kafin a ɗauki alƙalami. A nemi izinin kwamitin ɗa'a kafin a tattara bayani. A tsayar da tambaya ɗaya. A cike rajistar sashen gaggawa da lokacin isowa, lokacin fara magani da yadda aka ƙare, domin gurbin da aka bari yau ba ya cikuwa bayan shekara. A karanta ƙa'idojin mujallar kafin a aika, kada a tura maƙala ɗaya wuri biyu a lokaci guda, kuma a amsa gyaran masu tantancewa ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Idan an dawo da ita, a gyara a tura wata mujallar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki alkawarin rage mutuwa da naƙasa daga saran maciji da rabi kafin 2030. Alƙaluman da za a auna cika alkawarin da su, daga rajistar asibitoci irin na Daura za su fito.