Monika, Uwar Da Ba Ta Fid Da Zuciya Ba

Yau za mu koma cikin tarihin ikilisiya, mu dubi wata uwa 'yar Afirka mai suna Monika.

An haife ta wajen shekara ta 331 a garin Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Ta tashi a gidan masu bi, amma aka aurar da ita ga wani mutum wanda bai san Ubangiji ba, ga zafin rai, ga neman mata. Surukarta ma ba ta sonta da fari, gama barorin gida suna kai mata tsegumi. Monika ba ta mai da magana sa'ad da maigidan yake fushi. Sai ya huce ta yi masa bayani. Da haka ta rinjayi surukarta, mijin kuma ya karɓi baftisma gab da mutuwarsa, wajen shekara ta 371.

Babban nauyinta shi ne ɗanta Agustin, wanda ta haifa a 354. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa. Da ya tafi karatu a birnin Kartaj, ya ajiye mace ba aure, suka haifi ɗa, ya kuma bi koyarwar ƙarya ta mabiyan Mani har shekara tara. Don baƙin ciki Monika ta hana shi zama a gidanta, amma daga baya ta karɓe shi. Ta dinga roƙon wani bishop ya yi masa magana, har bishop ya gaji, ya sallame ta da cewa ɗan da ake zubar wa hawaye haka ba zai hallaka ba.

A 383 Agustin ya shirya tafiya Roma. Uwarsa ta bi shi har bakin teku tana roƙonsa. Ya ruɗe ta, ya shiga jirgin ruwa da dare, ita kuwa tana addu'a Allah ya hana tafiyar. Gari ya waye, ɗa ya tafi.

Ashe tafiyar nan ce hanyar cetonsa. Daga Roma ya wuce Milan, inda ya riƙa jin wa'azin Bishop Ambros. Monika ta ƙetare teku ta same shi can. Ya tuba a 386, aka yi masa baftisma a Ista ta 387. Cikin shekarar nan Monika ta rasu a Ostiya, suna kan hanyar komawa gida, tana da shekara 56. Ba ta ga ranar da ya zama bishop na Hippo da babban malamin ikilisiya ba.

Monika ba marar kuskure ba ce. Ta ɗora wa ɗanta burin ɗaukaka ta duniya, har ta nema masa auren 'yar manya, aka sallami uwar ɗansa. Amma ba ta daina addu'a ba.

Mama, wataƙila naki ɗan yana Jos ko Legas, ya bar sujada, ba ya ko ɗaukar wayarki. Ki tuna, Allah ya ƙi abin da Monika ta roƙa daren nan domin ya ba ta abin da ta yi shekaru tana roƙo. Ki karanta Luka 18:1-8, ki ci gaba da kai sunansa gaban Ubangiji, ki kuma bar masa ƙofar gida a buɗe.

Ubangiji ya ƙarfafa ki. Amin.